Littafin Ne Ya Haifi Wasan, Ko Wasan Ne Ya Haifi Littafin?

[Hoto: saƙonnin WhatsApp na ta shigowa]

Assalamu alaikum jama'a. Kwana uku ke nan zaurenmu na samarin Jidda bai huta ba, kuma ɗan yayata ne ya tayar da ƙurar. Ya samo wannan littafin zane da kuke gani, Vox Machina Origins, ya karance shi a dare ɗaya, gari na wayewa ya sanar da kowa cewa ya gano tushen labarin, wai daga nan aka kwaso wasan tebur na Critical Role da katun ɗinsa. Rabin zaure ya bi shi. Aka ce in fito in raba gardama, to bismillah.

Ban ga laifinsa ba. Mu da muka tashi a gaban tashar katun ta Spacetoon tsari ɗaya muka sani: manga, wato littafin zanen Japan, ce uwa, katun ya biyo ta, wasan kwamfuta shi ne auta. A nan kuwa jerin a juye yake.

[Hoto: tebur, takardu, 'ya'yan lido]

Sunan wasan Dungeons & Dragons. A 1974 ya fito a Amurka, aikin Gary Gygax da Dave Arneson. Babu na'ura a ciki. Tebur ne da takarda da fensir da 'ya'yan lido, ga babbansu nan mai fuska 20. Mutum ɗaya ke jan labari kamar mai tatsuniya, sai dai masu sauraron nan suna da bakin magana. Kowa na riƙe da jarumi guda, ya ce "zan haura katangar nan", ya jefa ɗan lido, lambar da ta fito ta yanke hukunci. Kafin Hajiya ta tambaya: a'a, ba caca ba ce, ko halala ɗaya, kwabon Saudiyya, ba a sawa.

Waɗannan fuskokin su ne Critical Role, abokai masu sana'ar sa murya a katun da wasannin bidiyo a Los Angeles. Mai dogon gashin nan, Matthew Mercer, shi ke jan labarin. A gida suka fara a 2012. Maris ɗin 2015 aka kafa musu kyamara ana kallonsu a intanet, suka yi zama 115 a zagayen farko, na ƙungiyar jaruman da ake kira Vox Machina, kowanne awa uku zuwa huɗu. A 2017 kamfanin Dark Horse ya fara fitar da littafin zanen. A 2019 masoya suka tara sama da dala miliyan 11 a shafin tara kuɗi na Kickstarter, katun ɗin ya fito a dandalin kallo na Prime Video a Janairun 2022. Tebur, littafi, katun. Khalas.

To, yanzu a ajiye shayi, don a nan ake zamewa.

Kalmar nan Origins da ke bangon littafin tana nufin asali. Asalin wa? Asalin jarumin, ba asalin labarin ba. Kafin a jefa ɗan lido ko sau ɗaya, kowane ɗan wasa zai zauna shi kaɗai ya rubuta tarihin jaruminsa: ɗan gidan wa ne, me ya raba shi da garinsu, wa ke binsa bashin jini. Wani layi uku, wani shafi goma. Sai ya miƙa wa mai jan labari a asirce, sauran abokan wasa ba su gani ba. Wannan takardar ba a buga ta a tebur. An riga an yi, an gama. Mai jan labari zai adana ta, ya bari sai an shagala, bayan watanni ya fito da wani mutum daga cikinta ya tsayar da shi a bakin ƙofa.

[Hoto: Caleb, sanye da tsohuwar riga]

Wanda bai so a ɓata masa labari, ya tsallake daƙiƙa 30.

Caleb Widogast ke nan, na zagaye na biyu, wato sabon labari da sabbin jarumai masu suna Mighty Nein, da aka fara a Janairun 2018, Liam O'Brien ke riƙe da shi. Mai tsafin wuta ne, amma in ya ga mutum na ƙonewa sai ya sandare. Masu kallo suka yi ta mamaki. Sai can aka ji dalili daga bakinsa: malaminsa ya dasa masa tunanin ƙarya cewa iyayensa maciya amanar masarauta ne, shi kuma ya banka wa gidansu wuta suna ciki. A tebur, 'yan mintuna ne na magana cikin rawar murya. Ba wanda ya ga gidan. Ba wanda ya ga fuskar uwar. Littafin Caleb da ya fito a 2022 shi ya zana su.

Kun ga ke nan littattafan iri biyu ne, ko da yake sunansu ɗaya. Na Vox Machina ya cike giɓin shekarun da aka yi wasa a gida babu kyamara, domin masu kallo sun shigo ne a tsakiyar tafiya, jaruman sun riga sun yi ƙarfi. Matthew Colville ya rubuta kashin farko, Olivia Samson ta zana, aka fara da tagwayen nan Vex da Vax a garin Stilben mai fadama. Jerin Mighty Nein Origins kuwa, da ya fara da Jester, abokiyar tafiyar Caleb, a 2021, ya ɗauko abin da ba a taɓa bugawa ba ne sam, wato waccan takardar sirrin.

[Hoto: shafukan littafi na juyawa a hankali]

Marubucin irin wannan littafi ni maroƙi yake tuna min. Sai mutum ya shahara tukuna maroƙi ke komawa ya tono jikan wane ne. Bai isa ya canja wanda mutumin ya zama ba. Haka marubucin: ba shi da ikon kashe jarumi, ko ya yanke masa hannu, tunda kowa ya san ranar da zai shiga masauki da ƙafarsa a farkon wasan ya haɗu da abokansa. A tebur kuwa ɗan lido ba ya jin kunyar kowa. A zama na 26 na zagaye na biyu ya kashe ɗaya daga cikin manyan jaruman, kowa na kallo. Shi ya sa ni dai ban taɓa jin faɗuwar gaba ina karanta littattafan ba. Tausayi nake ji, musamman na Caleb. Kuma in za ka kalli wasan, kar ka fara da littafinsa, za ka ci naman kafin tuwo ya iso.

[Hoto: takarda mai layi biyu]

Wannan kuma takardar jarumin ɗan yayan nawa ce, daren Alhamis za mu fara namu wasan bayan isha'i. Ga abin da ya rubuta: "Maraya ne. Yana neman fansa." Mutum biyar ne a teburin, huɗu jarumansu marayu. Na mayar masa da ita, na ce yalla, aƙalla ka ba ni sunan kawunsa.