Darasi: Yadda Ake Duba Ƙarfen Taga Wajen Kimanta Gida

Assalamu alaikum, masu sauraro na Garwa da kewaye. Yau muna cikin ɗakin kwana na wani gida a unguwar Yelwa, wanda mai shi yake so a kimanta masa kafin ya kai takardunsa banki. Maganar tushe da rufi mun gama ta makon jiya, saboda haka zan nufi taga kai tsaye, wato ƙarfen nan da muke kira antibol.

Ba wanda zai ce a cire shi, domin ɓarayi ba su bar mu mun huta ba. Abin da nake dubawa shi ne, idan wuta ta tashi a falo da tsakar dare ta tare ƙofa, ta ina masu kwana a ɗakin nan za su fita? A Amurka ƙa'idar gina gidajen zama ta wajabta wa kowane ɗakin kwana mafita ta gaggawa, kuma idan an sa mata ƙarfe, dole ya buɗu daga ciki ba tare da makulli ko wani kayan aiki ba. Mai kimanta gida don bashin da FHA, hukumar gidaje ta gwamnatin Amurka, ke tsaya wa kuwa, sai ya rubuta a rahotonsa cewa akwai ƙarfe a tagar ɗakin kwana. Dokar tasu ce, amma awonsu nake ara, domin kafaɗar mutum ɗaya ce ko'ina.

Ku ɗauko abin awonku. Faɗin kafar kada ya gaza santimita 61. A'a, ku gafarce ni, na juya su: faɗi 51, tsayi 61, sannan daga daɓen ɗaki zuwa bakin taga kada ya wuce 112. Ga inda na daɗe ina kuskure lokacin da na fara aikin nan. Idan ka ninka 51 da 61 ba za ka kai abin da ake nema ba, domin sararin gaba ɗaya dole ya kai murabba'in mita 0.53, ma'ana idan faɗin ya zama 60, tsayin sai ya kusan 90. Kuma ba ramin bango ake aunawa ba. Sai ka buɗe gilashin, ka buɗe ƙarfen iyakar inda ya tsaya, sannan ka auna sararin da ya rage, wanda jiki zai ratsa.

Wannan tagar an yi mata ƙofa, madalla, amma ga kwado a jikinta. Hajiya, ina makullinsa? Ta ce yana wurin maigida a kasuwa. A wurina daidai take da wadda aka yi wa walda ta mutu a bango, kuma haka zan rubuta, in cire kuɗin gyaran daga darajar gidan. Na taɓa ganin ɗakin da ya ƙone, hayaƙi ya baƙanta bango har rufi, kwadon kuwa yana nan a kulle.

Ni na fi son sakata ta ciki mai murfin farantin ƙarfe, yadda hannu daga waje ba zai kai gare ta ba. Kowane mai walda da ya san aikinsa zai yi ta a yini ɗaya, wanda kuma yake so mu duba masa gida, ofishinmu a buɗe yake. Ku riƙa ɗiga wa sakatar baƙin mai bayan ƙurar hunturu da bayan damina, sannan ku sa ƙaramin yaron gidan ya buɗe ta da kansa, fitila a kashe. Lambar 'yan kwana-kwana a nan Kamaru 118 ce. Yanzu mu shiga ɗakin yara.