Yaron da ya ce gara ya mutu, a saurare shi

Assalamu alaikum iyayena mata da malamai, na gode da kuka zauna duk da zafin nan na Katsina. Bari in shiga maganar kai tsaye.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum 700,000 ne ke kashe kansu duk shekara, kuma yana cikin manyan abubuwan da ke cinye rayukan 'yan shekara 15 zuwa 29. Mu nan ba mu fadi, kunya ta sa sai a ce ciwon ciki ne a rufe zancen.

To me ke kai yaro can? Abubuwa ne ke fado mashi. Uba ya saki uwa ta tafi ta bar shi hannun kishiya, ko JAMB ta fito bai ci ba, ko an matsa ma yarinya auren wanda ba ta so, ko 'yan bindiga sun taso su daga Batsari ko Jibia sun dawo cikin gari suna rabe gidan dangi. Ku tuna yaran Kankara sama da 300 da aka kwashe a Disambar 2020, alhamdulillahi an sako su, amma jikin yaro kan dawo gida hankalinshi na daji.

Ga wurin da nake so ku rike. Yara biyu su fadi jarabawa guda, daya ya yi kukanshi ya sake sayen fom, dayan ya shige daki ya daina cin abinci. Sau da yawa bambancin shi ne yadda kowannensu ke kallon kanshi. Wanda ya san yana da daraja a gidansu zai ce na fadi jarabawa, wanda kullum ake ce mashi dakiki, mara amfani, dubi dan makwabta, shi abin da zai ce a ranshi shi ne dama ni ba komai ba ne, in ba ni sai su huta. Wallahi wannan kalmar ta su huta ita ke ba ni tsoro, kuma bakinmu ne ke dasa ta, mu iyaye, muna ganin tarbiyya muke.

In diyarki ta daina fira, barci ya gagare ta, ta fara rabar da kayanta ko tana cewa na gaji da duniya, kar ki ce iskanci ne ko aljanu. Ja ta daki ki rufe kofa ki tambaye ta a fili, kina tunanin kashe kanki ne? Masana sun bincika, tambayar ba ta sa ma yaro tunanin, sauki ma take kawo mashi. In ta ce eh kar ki fara da wa'azin wuta, ta san haramun ne. Ki saurara, kar a bar ta ita kadai, a dauke maganin kwari da kwayoyi daga inda hannunta zai kai.

Addu'a kam dole, amma a hada da likita. Akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya nan cikin gari, akwai asibitin kwakwalwa na Barnawa a Kaduna, kuma tun Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar kwakwalwa da ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Malamai, ku kuma don Allah a daina karanto makin wanda ya zo na karshe gaban asambuli. Wanda ke da tambaya ya daga hannu a miko mashi lasifika.