Ma'aikatan Bogi a Rubutun Turanci

Zainab: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ina tare da Malam Habu, malamin Turanci, da kuma Nura, wanda ya ce da ƙara ya zo. Bismillah, Nura.

Nura: Ƙarar haruffan da ke karɓar albashi ba sa zuwa aiki na kawo. Malam, wuƙa da Turanci a rubuta knife, a ce "naif". Gwiwa a rubuta knee, a ce "nii". Ina K ɗin yake shiga? Ai waɗannan ma'aikatan bogi ne.

Zainab: Har fatalwa, ghost, da nata na bogin a ciki, wato H!

Malam Habu: A yi wa K adalci, ya yi aikinsa, ritaya ya yi. Shekara ɗari shida da suka wuce mutumin Ingila yana furta shi raɗau. Bajamushe har gobe yana furta K a kalmarsa ta gwiwa, Knie. Haka GH na cikin night da light, sauti ne na maƙogwaro mai kama da kha ta Larabci. Baki ne ya sauya, takarda ta tsaya inda take.

Nura: To me ya riƙe takardar?

Malam Habu: Injin buga littattafai na cikin manyan dalilai. A 1476 William Caxton ya kafa maɗaba'a ta farko a Ingila, a Westminster. Aka yi rashin sa'a, a lokacin mutanen ƙasar suna tsakiyar sauya furucin dogayen wasulansu, sauyin da ya faro wajen 1400 ya kai wajen 1700. Sai rubutu ya daskare a kan tsohon furuci. Gida, house, da "huus" ake cewa, ya koma "haus".

Nura: Saura wasali ɗaya su iso Hausa ke nan!

Malam Habu: Da sun huta. Shi kuwa H na fatalwar Zainab, ana danganta shi da masu jera haruffa da suka zo daga yankin Flanders na ƙasar Beljiyam ta yau, domin da H ake rubuta kalmar a harshensu a lokacin. Amma na bogin gaske, wanda bai taɓa yin aikin yini ɗaya ba, shi ne B na debt, wato bashi. Daga Faransanci kalmar ta shigo ba B. Masana ne daga baya suka cusa shi don a ga asalinta na Latin, debitum. S na island ma cushe ne, kuma shi bisa kuskure, don kalmar ba daga Latin take ba.

Nura: Mu dai B ɗinmu na bashi yana fita, musamman a bakin mai bin ka.

Zainab: Malam, ni muƙamin soja ne ke ɗaure mini kai. Colonel, da L a tsakiya, amma babu mai furta shi.

Malam Habu: Siga biyu ce ta yi takara, ta Italiyanci colonnello da tsohuwar ta Faransanci coronel. Rubutu ya bi ɗaya, baki ya bi ɗaya. Bahaushe kuwa kunnensa ya bi, ya ce Kanar.

Nura: Kamar Leicester. Da Ahmed Musa ya koma can a 2016, a gidajen kallon ƙwallo kowa "Lesta" yake cewa daidai, don a bakin masu sharhi aka ji. Wanda ya fara ganin sunan a jarida shi ne ya sha wahala.

Malam Habu: Wannan shi ne abin da ke damuna a aji, wallahi. A Turanci harafi 26 ne ke ɗauke da sauti wajen 44. Ɗauki O-U-G-H kawai: though, through, cough, rough, bough, thought, furuci shida. Yaron da ya saba da bokon Hausa, inda abin da ka ji shi za ka rubuta, ya rubuta "kof" don tari, wato cough, sai a zane shi a kira shi daƙiƙi. Alhali yaron nan hankali ya yi amfani da shi. Abin da ya kamata a nuna masa dangin kalma ne. G na sign shiru yake, amma a signature sai ya yi magana. B na bomb ma yana fitowa a bombard. Da zarar yaro ya ga haka, ba ya sake mantawa da harafin.

Zainab: Amma mu ma fa muna da namu. Gari na zama da gari na tuwo, rubutu ɗaya. Kuka na hawaye da kuka ta miya.

Malam Habu: Ƙwarai. Ba ma nuna karin sauti da tsawon wasali a rubutunmu na yau da kullum, Bature mai koyon Hausa ma yana jin jiki.

Nura: Ya je kasuwa sayen kuka, ya dawo da kuka.

Zainab: To masu sauraro, ga aikin gida. Ku rubuta ranar Laraba da Turanci, ku ƙirga haruffan da ba ku furta ba, ku aiko mana. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.