Ruwan da Baƙo Yake Sha a Manyan Biranen Ƙetare

Wannan rubutu an ɗauko shi ne daga muryar da aka naɗa ta laccar da wani likita ya gabatar wa 'yan kasuwa da maniyyata Umara a Agege, cikin Legas. Maimaicin baki kawai aka rage.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena malamai, Alhazai da Hajiyoyi, da ƙannena matasa, ina godiya da kuka bar rumfunanku kuka zo. Na san a cikin wannan zaure akwai waɗanda fasfonsu ya cika da hatimin Dubai da Istanbul da Alƙahira da Guangzhou, har sun fi ni sanin hanyar filin jirgin Murtala Muhammed da ke Ikeja, saboda haka ba zan koya wa kowa tafiya ba. Zan tsaya ne a kan ruwan da kuke sha idan kun sauka, musamman ruwan da yake shiga cikinku ba tare da kun lissafa shi a matsayin ruwan sha ba.

Duk lokacin da na ɗauko wannan magana da ɗan kasuwar Legas, amsar da nake samu guda ce: "Likita, ai cikina ya saba." Hujjarsa ita ce ya shekara ashirin yana shan ruwan 'yan garuwa da na rijiyar burtsatse da na leda, kuma ga shi garau. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, domin jiki yakan saba da wasu daga cikin ƙwayoyin cutar da ke wurin da mutum yake zaune. Sai dai ƙwayar da ta fi jawo wa matafiya gudawa, wadda ake kira E. coli, iri-iri ce, kuma sabon da ciki ya yi da ta unguwar Mile 12 a nan Legas ba ya nufin ya san ta bakin kogin Nilu. Ko a gida ma sabon bai cika ba. A watan Yunin 2024 kwalara ta ɓarke a nan Legas, ta fi tsanani a Tsibirin Legas, kuma waɗanda ta kwantar ba baƙi ba ne, mutanen da aka haifa a kan wannan ruwan ne.

Akwai kuma wani wuri da nake so mu yi hattara, kuma ina neman afuwar malamai idan na taka gonarsu. A fiƙihu an karantar da mu cewa ruwa yana nan a kan tsarkinsa matuƙar launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙamshinsa bai jirkita ba. Wannan hukunci ne na ibada, kuma yana nan daram. Kuskuren da muke yi shi ne ɗaukar wannan ma'auni mu auna lafiyar ruwan sha da shi, alhali ido da harshe da hanci ba su iya gano ƙwayar kwalara ko ta taifot. A shekarar 1854 annobar kwalara ta kashe fiye da mutum 600 a wata unguwa a Landan, kuma wani likita mai suna John Snow ya bi sawun mamatan gida-gida har ya gano cewa daga famfon rijiya guda suke ɗibar ruwa, a titin Broad Street. Abin da ya fi tsaya mini a rai a labarin shi ne wata dattijuwa da ta riga ta ƙaura zuwa wata unguwa mai nisa, amma ta sa ana kawo mata ruwan wannan famfo saboda ta fi jin daɗin ɗanɗanonsa. Ita ma cutar ta same ta a can, ta rasu.

To, ruwan famfon waɗannan manyan birane fa? Yawancinsu suna tace ruwa da kyau a matatarsu. Dubai daga teku take ɗebo mafi yawan ruwanta, ana cire masa gishiri a manyan matatu irin ta Jebel Ali, haka nan Makka tana samun ruwa mai yawa daga matatar Shu'aiba da ke gaɓar Bahar Maliya. Matsalar tana tsakanin matata da bakin kofinka. Mu mutanen Legas bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba: matatar Iju tana aiki tun 1915, amma kowa a nan ya taɓa ganin bututun ruwa kwance a cikin kwata, an ɗaure inda ya fashe da tsumman roba. A can ƙetare ba lallai ka ga bututu a kwata ba, amma ruwan yakan hau tankin da ke saman bene ya kwana a ciki cikin zafi, kuma kai baƙon kwana biyar a otal mai araha ba ka da hanyar sanin yaushe rabon da a wanke wannan tanki.

Saboda haka dabarar da na fi amincewa da ita ita ce mutum ya dubi abin da 'yan gari suke yi. A Guangzhou za ku lura cewa mutanen Sin ba su cika shan ruwan famfo kai tsaye ba, tafasa shi suke yi su sha da ɗuminsa, shi ya sa da wuya ka shiga ɗakin otal ba ka tarar da butar lantarki ba. A Istanbul, ku da kuke sarin kaya a Laleli kun sha ganin ana shiga gidaje da shaguna da manyan gorunan ruwa masu cin lita 19. Idan mai gari da kansa yana biyan kuɗi domin ya kauce wa famfonsa, bai dace baƙo ya fi shi ƙarfin hali ba. Kada kuma a ɗauka cewa arzikin ƙasa lamuni ne. A 1993 wata ƙwaya mai suna Cryptosporidium, wadda sinadarin kulorin ba ya kashe ta da sauƙi, ta shiga ruwan birnin Milwaukee a Amurka, ta sa mutum kimanin 400,000 rashin lafiya.

Yanzu bari in zo kan ainihin abin da ya kawo ni. Wani Alhaji da nake dubawa ya je sarin kaya Guangzhou na kwana goma, ya dawo ya rame, idanunsa sun faɗa. Ya rantse mini cewa tun daga hawansa jirgi har saukarsa bai sha ko ɗigon ruwan famfo ba, katan guda na ruwan gora ya saya ya ajiye a ɗaki. Na yarda da shi. Sai na ce ya ba ni labarin ranarsa ta biyu daga safe zuwa dare. Ya yi asuwaki a famfon banɗaki, ya kurkure baki. Da rana, bayan ya gama zagayen kasuwa gumi ya jiƙa masa riga, ya tsaya wajen mai lemon mangwaro a bakin titi, aka niƙa masa a gabansa, aka cika kofin da ƙanƙara. Da dare ya ci shinkafa da ɗanyen ganye a gefe. Ban isa in ce ga wanda ya kayar da shi a cikin ukun nan ba, amma dukkansu ruwa ne, kuma babu ɗaya da ya lissafa. Kwana uku ya yi tsakanin gado da banɗaki, kuɗin otal yana tafiya, masu kaya suna jiransa.

Ƙanƙara ce ta fi yaudarar mutanenmu, domin muna ganin kamar sanyi yana kashe cuta. Daskarewa ba ta kashe yawancin waɗannan ƙwayoyi, ajiye su take yi, da zarar ta narke a cikin lemonka sun dawo bakin aikinsu. Idan ba ka san da wane ruwa aka yi ta ba, ka ce a ba ka abin shan da aka sanyaya a firji cikin kwalbarsa a rufe. Ɗanyen ganye da 'ya'yan itacen da aka yanka aka jera a faranti hukuncinsu ɗaya, da ruwan wurin aka wanke su. Ayaba da lemo da duk abin da za ka ɓare da hannunka bayan ka wanke hannun sun fi aminci. Game da alwala kuwa, wanke fuska da hannu da ƙafa da ruwan famfo ba shi da damuwa. Kurkurar baki da shaƙa ruwa a hanci ne nake ba da shawarar a yi da ruwan gora ko tafasasshe a duk inda ake shakkar famfo, kuma rabin kofi ya isa.

Shi kansa ruwan gora yana da nasa ladabin. A nan gida mun koyi duba lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, a jikin ledar ruwa, amma a can ba ka iya karanta rubutun, saboda haka murfin za ka karanta. A ƙarƙashin murfin akwai wani siririn zobe na roba da yake manne da shi, wanda yake tsinkewa da 'yar ƙara idan ka murɗa. Ka buɗe da hannunka, ka ji wannan ƙara. Idan ma'aikacin gidan abinci ya kawo maka gora a buɗe, ka mayar cikin mutunci ka nemi rufaffiya, kuma ka fi son sayen ruwanka a babban kanti a kan hannun mai talla a bakin wurin yawon buɗe ido. Maniyyata Umara, Zamzam ɗin da aka tanada a cikin Harami shi ne abin dogaro, amma ku kula da kofunan da ke jikin randunan: gefe guda sababbi ne, ɗaya gefen na waɗanda aka sha aka ajiye, kuma cikin cunkoso na sha ganin mutum ya zaro daga inda bai kamata ba. Jarkar da wani ya tare ku da ita a titi yana cewa Zamzam ce, ku bar masa abarsa.

Idan babu ruwan gora, tafasawa ta fi kowace dabara. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce a bar ruwa yana tafarfasa na minti 1, a wuraren da suka haura mita 2,000 a tudu kuwa minti 3, saboda a can ruwa yana tafasa kafin ya yi zafin da yake yi a nan bakin teku. Wannan ya shafi duk wanda jirgi ya kwanar da shi a Addis Ababa, wadda take sama da mita 2,300. A fara wanke butar otal, a tafasa ruwan farko a zubar, a bar na biyu ya huce a rufe. Ƙwayoyin kulorin na tace ruwa suna da amfani a jaka, sai dai suna bukatar a jira minti 30, kuma ba sa aiki sosai a ruwa mai gurɓi. Abu guda da tafasawa ba ta yi shi ne cire dalma da sauran sinadarai, irin dalmar da ta shiga ruwan garin Flint na Amurka daga 2014, amma ga baƙon mako guda ƙwayoyin cuta ne abin tsoro na kusa.

Kafin tafiya kowa yana rige-rigen katin rigakafin zazzaɓin shawara saboda ana tambayarsa a filin jirgi. Rigakafin taifot da na ciwon hanta nau'in A babu jami'in da zai tambaye ku, alhali waɗannan cututtuka biyu su ne suke bin ruwa da abinci. A yi su aƙalla mako biyu kafin tashi.

In kuma duk da haka gudawa ta kama mutum, abin da yake kisa shi ne ƙarewar ruwan jiki, saboda haka babban kuskure shi ne daina sha domin a rage zuwa banɗaki. Ku sa 'yan ƙunshin garin gishiri da sukari na kemis a cikin jakar hannu tun daga nan. Idan babu, a samu lita 1 ta ruwa mai aminci, a zuba ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari, shafaffu ba masu tozo ba, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa kurɓa a hankali. Al'adarmu ta haɗiye Flagyl da jan kafso da zarar ciki ya murɗa ba ta da kyau: yawancin gudawar matafiya tana tsayawa da kanta cikin kwana uku zuwa biyar, kuma shan waɗannan magunguna barkatai yana koya wa ƙwayoyin jure musu. Amma idan aka ga jini a bayan gida, ko zazzaɓi mai zafi, ko bayan gidan ya koma fari tsululu kamar ruwan wankin shinkafa, ko fitsari ya ɗauke, to asibiti za a nufa a wannan daren, kada a sha maganin tsayar da gudawa a zauna jiran ranar komowa. Yara da tsofaffi da masu juna biyu da masu ciwon sukari ko na ƙoda, su ba a ma jira a ga waɗannan alamu.

Bayan an dawo ma lissafi bai rufe ba. Taifot takan ɗauki mako ɗaya zuwa uku kafin ta bayyana, ciwon hanta nau'in A kuwa mako biyu zuwa huɗu ko fiye. Mutum zai dawo Legas lafiya ƙalau, ya buɗe kwantenarsa, sannan zazzaɓi ya sauko, shi da mai kemis su yanke cewa maleriya ce. Duk wanda ya yi zazzaɓi cikin wata biyu da dawowarsa, ya fara gaya wa likita garin da ya je da ranar da ya dawo, tun kafin a tambaye shi.

Hajiya a can baya ta aiko da tambaya a takarda, tana cewa shayi fa, da madarar jariri? Hajiya, shayin da aka kawo miki yana tururi ba shi da matsala, domin ruwansa ya tafasa; ki dai duba cewa kofin a bushe yake, ba yanzu aka tsamo shi daga bahon wanke-wanke ba. Madarar jariri kuwa, idan yana shan nono ki ci gaba da ba shi, babu abin da ya fi shi aminci a tafiya. Idan ta gwangwani ce, ki tafasa ruwan ko da na gora ne, ki dama garin da shi tun yana da zafi sosai, domin garin kansa yana iya ɗauke da ƙwayoyi, sannan ki sanyaya bulunbotin a rufe ta hanyar tsoma gindinsa a ruwan sanyi, ki ɗiga a bayan hannunki ki ji kafin ki ba shi. Abin da ya rage bayan awa biyu a zubar, a dama sabo.