Lacca: Wanda ke kawo maka kaya, da makomar hannun jarinka

Assalamu alaikum jama'a. Na baya kuna ji na? Madalla. Abu uku zan faɗa.

Na farko, kamfanin da ke sayar da ma'ajiyar bayanai, SSD ne ko filas ɗin da ke aljihunka, ribarsa a rataye take a wuyan ɗan guntun nan da ake kira NAND, kuma masu ƙera shi ƙalilan ne a duniya, su Samsung, SK hynix, Micron, Kioxia. Masana'anta ɗaya biliyoyin daloli take ci. Shi ya sa SanDisk, masu sayar da filas da SSD, suka haɗa kai da Toshiba, wanda sashensa na NAND ya koma Kioxia a 2019, suna ƙerawa tare a Yokkaichi can Japan suna raba kayan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

To amma ku tsaya, nan ne wurin da nake so wallahi. A yarjejeniyar, ko ka ɗebi kaya ko ba ka ɗiba ba, rabin tsayayyun kuɗin tafiyar da masana'antar a kanka yake. Ko ba ka ɗiba ba fa! Kasuwa ta yi kyau, kana samun kaya kusan a kuɗin ƙira, riba ta yi ta shigowa. Farashi ya faɗi kamar yadda ya yi a 2023, injina na nan, ma'aikata na nan, kai kuma dole ka biya rabinka. Malam mai farar hula na ga ka gyaɗa kai, ka ga hannun jari ke nan! Sannan a Fabrairun 2022 gurɓataccen sinadari ya shiga aikin Yokkaichi da Kitakami, Western Digital, kamfanin hard disk mai SanDisk a lokacin, suka ce aƙalla eksabait 6.5, wato gigabait biliyan 6.5, sun salwanta, asara ta hau kan duka biyun. Zama da maɗaukin kanwa ke nan.

Na biyu, ku duba tsawon yarjejeniyar. Na uku... au lokaci ya tafi, ɗiyata ga hannunki a sama, bismillah.

Ta ce me ya sa aka raba SanDisk da Western Digital? Tambaya mai kyau. A 2016 Western Digital suka sayi SanDisk, cinikin da aka sanar a kan kusan dala biliyan 19, a Fabrairun 2025 suka rabu. Kasuwar hard disk daban, ta filas daban, mai zuba jari yana so ya san wanne haɗari ya saya. Yarjejeniyar Kioxia kuwa SanDisk ta bi, da daɗinta da nauyinta, don haka in rahotonsu za ki karanta, fara da shafin da ya yi maganarta.