Baƙin allo da akwatin wasiƙa: yadda za ka karanta imel ɗinka daga nesa

Wannan lacca ce da aka gabatar wa matasa masu koyon kwamfuta a Kano, an kwafo ta daga faifan da aka naɗa.

Assalamu alaikum. Na baya, kuna ji na? To, na kusa da janareta ku matso gaba, akwai kujeru. Abubuwa biyar na zo da su, kuma an ce mini kafin la'asar in sauka, don haka bismillah.

Kun ga wannan allon, baƙi ƙirin, ba hoto, ba kala, sai rubutu. Ɗazu da nake haɗa waya wani ƙanina ya leƙo ya ce, "Malam, kwamfutar ta lalace ne?" (dariya) Lafiyarta ƙalau. Imel ɗina ke nan kuke gani. Kuma ba a cikin wannan kwamfutar yake ba, yana kan wata na'ura a Turai da nake biyan hayarta duk wata. Ita ake ce wa saba, wasu su ce uwar garke. Ni dai leƙawa nake daga nan Kano.

Na farko, tarihi, kuma a gurguje. Imel ya girmi yawancinku, ya ma girmi iyayen wasunku. A 1971 wani injiniya a Amurka, Ray Tomlinson, ya aika saƙo daga wata kwamfuta zuwa wata, shi ne kuma ya zaɓi alamar nan ta @. A lokacin linzami bai yaɗu ba, ba hoto, rubutu ne zalla. Manhajar karanta imel mai suna Elm ta fito a 1986. Pine daga Jami'ar Washington ta zo, daga baya ta haifi Alpine a 2007. Wadda nake amfani da ita, Mutt, Michael Elkins ne ya rubuta ta a 1995, kuma kirarin da ya yi mata shi ne duk manhajojin imel ba su da daɗi, wannan dai ita ce dama-dama. Mutumin da ya faɗi aibin hajarsa da bakinsa, ai ka saya hankali kwance.

Na biyu, ƙofofi. Mu Kanawa ba sai an koya mana ƙofa ba: ganuwa ɗaya, amma ga Ƙofar Mata, ga Ƙofar Nassarawa, ga Ƙofar Na'isa. Haka saba take, kowane aiki da ƙofarsa, sai dai lamba ce maimakon suna. Tura wasiƙa ta SMTP, yawanci ƙofa ta 587. Karɓa kuwa hanya biyu ce. POP kamar ka aiki yaro gidan waya ne, ya buɗe akwatinka ya kwaso komai ya kawo gida. Idan gobe kana Legas, wasiƙunka suna Fagge. IMAP kuwa, wadda Mark Crispin ya ƙirƙiro a jami'ar Stanford ta Amurka a 1986, wasiƙun suna zamansu a gidan waya, kai ne kake zuwa ka karanta ka mayar. Ƙofarta mai kulle ita ce 993. Ku riƙe IMAP, ku bar POP ta huta.

Sai ƙofa ta 22, SSH. Da can da Telnet ake shiga kwamfutar nesa, kuma duk abin da ka buga, har kalmar sirrinka, tsirara yake tafiya a kan waya. A 1995 aka sace kalmomin sirri a jami'ar fasaha ta Helsinki a ƙasar Finlan, sai wani mai bincike a can, Tatu Ylönen, ya zauna ya rubuta SSH, wadda ke lulluɓe duk maganar da ke tsakaninka da saba. Don shiga da ita, mai Windows yana da manhajar PuTTY, mai Android ya sauke manhajar Termux, mai Linux kuwa tana nan a ciki. Ka shiga, ka buga mutt, ga wasiƙunka.

To, yanzu na zo inda nake so. Ku gyara zama.

Wa ya yi zamanin kafe a nan? Ɗaga hannu. Uku, huɗu... tsofaffi ke nan. Ka biya kuɗin awa ɗaya, ka zauna kana kallon shafi yana buɗewa kamar ana jan ruwa a rijiya mai gaba dubu. Ka rubuta doguwar wasiƙa, ka danna turawa, sai wuta ta ɗauke. Shi ke nan, an yi ɓarin mai a rairayi. Yau wayoyinmu sun fi kwamfutocin kafen nan ƙarfi nesa ba kusa ba, amma ciwon yana nan. Sabis ya zo, sabis ya tafi. Ka shiga lungun Kantin Kwari, tsakanin benaye, sandunan sabis su koma ɗaya. Ka hau titin Zariya, kafin Kwanar Dangora ya yanke maka sau nawa?

Ita SSH kanta tana da wannan raunin. Igiya ɗaya ce tsakaninka da saba. Idan ta tsinke, ko lambar intanet da kamfanin layi ya ba wayarka ta canja, allon sai ya sandare, kuma abin da kake yi a can yawanci sai ya mutu. Maganin abu biyu ne, kuma wallahi ko su kaɗai kuka tafi da su yau, kuɗin motarku ya fita.

Na ɗaya sunansa tmux. Nicholas Marriott ya fara shi a 2007. Akwai yayansa, Screen, tun 1987, aikinsu kusan ɗaya. Abin da yake yi shi ne ya buɗe maka shago a kan saba, shagon da ba a rufewa. Ka shiga, ka baza kayanka, ka buɗe Mutt, ka fara rubutu. Layi ya yanke? Kai ne ka fita, shagon yana nan a buɗe, fitila a kunne. Ka dawo ka buga tmux attach, sai ka tarar da kalmar da ka bari rabi tana jiranka. Ku duba, bari in yi a gabanku. Ga wasiƙa na fara: "Ranka ya daɗe, game da kayan da..." Na tsaya a nan. Na rufe kwamfutar gaba ɗaya. Ga wayata. Ɗan'uwa mai jar hula, zo ka karanta wa mutane abin da ke kan wayar nan. ("Ranka ya daɗe, game da kayan da...") Kun ji? Ban tura wa kaina komai ba, ban ajiye komai ba. Aikin dama ba a hannuna yake ba, yana can. Kwamfuta da waya tagogi ne kawai.

Aikin yana can. Ina so wannan ta zauna muku. Batir ya mutu, aikin yana can. An ɗauke wuta, aikin yana can.

Na biyun shi ne Mosh, kuma shi ne masoyina, uwargida ma ta sani. (dariya) Keith Winstein ne ya fito da shi a jami'ar MIT ta Amurka a 2012. Da SSH yake fara buɗe ƙofa, a tantance kai ne, daga nan sai ya saki igiyar ya koma jefa ƙananan ƙunshi ta UDP, wata hanyar aika saƙo da ba ta riƙe igiya, ƙofofi daga 60000 zuwa 61000. Hikimar ita ce bai damu da inda kake ba. Ka bar wayafai na ofis ka koma data, lambarka ta canja, shi ko a jikinsa. Ƙunshi na farko da ya iso da hatimin da ya dace, saba ta gane ka, a ci gaba. Sannan ba ya aiko maka duk abin da ya wuce a bayanka, yadda allon yake a yanzu kawai yake aikowa. Kamar ka dawo daga tafiya ka tambayi yaron shago, maimakon ya karanto maka duk wanda ya shigo tun Asabar, sai ya ce ga abin da ke cikin aljihun tebur.

Akwai wata rana, a Adaidaita Sahu, daga Kabuga za ni Bata. Wani da nake wa aiki ya matsa sai na ba shi amsa kafin azahar. Na zaro waya, ina riƙe da ƙarfe da hannu ɗaya, ina bugawa da babban yatsa. Sabis yana ta wasan ɓuya. Abin da za ka gani shi ne haruffan da ka buga suna fitowa nan take, amma da ɗan layi a ƙarƙashinsu. Ma'anar layin: na rubuta maka bashi, saba ba ta tabbatar ba tukuna. Da amsa ta iso sai layin ya goge. Idan shirun ya yi tsawo, wani rubutu zai fito a saman allo yana ƙirga maka daƙiƙa nawa rabonka da saba. Na ga ya ƙirga ya haura minti guda muna cikin cunkoso, muna fita ya ɓace, rubutuna bai rasa ko wasali ba. Dattijon da ke gefena ya daɗe yana leƙen allon, can ya ce, "Yaro, kai ne masu kwashe wa mutane kuɗi a banki?" Na ce, "Baba, da ni ne, da ba ka gan ni a Adaidaita ba." (dariya)

Amma kar ku ce na yi muku tallan maganin gargajiya mai warkar da cuta casa'in da tara. Mosh ba ya riƙe abin da ya gungura sama, shi ya sa ake aura masa tmux. Wasu ofisoshi da makarantu kuma suna toshe UDP, a can dole ka koma SSH zalla. Idan kuma sabis ya tafi ɗungurungum, kamar a watan Maris na 2024 da wayoyin ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma intanet ta yi ta rarrafe, to Mosh ba waliyyi ba ne. A nan sai mbsync, wadda ke kwafo wasiƙun ta ajiye a kwamfutarka, ka karanta ba intanet.

Ina muke? Na uku ko na huɗu? Mai riƙe da agogo yana ta harara ta. To, na huɗu, madannai. A Mutt, j ƙasa, k sama, r amsa, m sabuwar wasiƙa, d sharewa, q fita. Harafin l kuwa tankaɗe ne: ka ba shi suna, duk sauran wasiƙu su ɓace sai na mutumin. Wanda ya ga Mutt ta yi masa tsauri ya fara da Alpine, ita tana rubuta umarninta a ƙasan allo. Data kuwa, wasiƙar rubutu zalla 'yan kilobayit ce, hoto ɗaya na waya ya fi ta sau ɗaruruwa. Kuma ɗan ɓoyayyen hoton nan da 'yan talla ke cusawa don su san ka buɗe saƙonsu, a nan ba ya buɗuwa. Masu rubuta Linux har yau da imel na rubutu zalla suke aika gyare-gyarensu, don haka ba kayan gidan tarihi ba ne.

Masu Gmail, tun 2022 Google ya daina yarda irin waɗannan manhajoji su shiga da kalmar sirrinka ta kullum. Sai ka kunna tantancewa mai mataki biyu, ka karɓi kalmar sirri ta manhaja mai harafi 16. Haruffanmu masu lanƙwasa kuma, ɓ da ɗ da ƙ, idan sun fito kamar tafiyar tsutsa, ka duba ko allonka da saba duk suna kan tsarin haruffa na UTF-8. Na biyar... na ga hannu. Bismillah, 'yar'uwa.

(Wata daga cikin mahalarta ta ce, Malam, ka ce waya taga ce. To a garin nan da ake ƙwacen waya, idan aka fizge ta, ba ka bar wa ɓarawo taga a buɗe ba?)

Kai! Allah ya yi miki albarka. Ki bar na biyar ɗin, wannan ta fi shi. Gaskiyarki, kuma abin da na gama yabo ɗazu shi ne zai cuce ni. SSH da ta yanke ta mutu, amma Mosh jira yake, kwana nawa ma jira yake. Wanda ya samu wayar a buɗe, ya samu akwatina a buɗe.

Ga abin da nake yi. Na ɗaya, kulle allo, wannan ba sai an faɗa ba. Sannan ba na shiga saba da kalmar sirri, da makulli nake shiga. Makullin SSH biyu ne, ɗaya a wayarka, abokinsa a saba, cikin wani fayil mai suna authorized_keys, kowane makulli layi ɗaya. Kowace na'ura ki yi mata nata daban, kar ki kwafi ɗaya ki raba musu, kuma ki sa wa na wayar kalmar sirri. Ranar da aka fizge, Allah ya kiyaye, kar ki bi shi, rai ya fi waya. Ki nemi kwamfutarki, ki shiga, ki goge layin wayar. Kin canja kwaɗo ke nan.

Amma a nan mutane ke tuntuɓe. Goge layin yana hana sabon shiga ne kawai, wanda ke cikin ɗaki yana ciki. Dole ki kore shi: ki buga pkill mosh-server. Ki yi shi ta SSH zalla, in ba haka ba har ke za ki kora. Tagar da ke wayar ta mutu ke nan, tmux kuwa yana nan da rubutunki. Bayan haka, in mai Gmail ce ke, ki shiga Google ki soke kalmar sirrin manhajar ki karɓi sabuwa, ki je a toshe layin, don lambobin tantancewa ta nan suke zuwa.

Wasiƙun kansu kuwa, in dai ta wannan hanyar kike karantawa, ba ko ɗaya da ke kwance a cikin wayar. Sai dai in kin yi mbsync a kanta, to wannan wata magana ce, kuma shi ya sa ni a kwamfuta kawai nake yin sa.

An kira salla ko? To. Mai son a saka masa Termux ya same ni a bakin ƙofa bayan an idar, amma ya zo da cajinsa, nawa saura kashi tara.