Aikin da Kake Nufa Shi Ke Zaɓar Maka Kwas: Lacca kan Karatun Gudanarwa da Digiri na Biyu

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamai da ke zaune a gaba, da ku ɗalibai maza da mata, ina yi muku barka da zuwa, kuma ina godiya ga waɗanda suka shirya wannan zama. An nemi in yi bayani a kan yadda ɗalibi zai zaɓi kwas bayan digirin farko, musamman a fannin gudanarwa da kasuwanci, da yadda ake samun gurbi, da kuma inda karatun yake kai mai shi. Zan ɗauko zancen ta ƙarshensa, wato ta wajen aiki, domin a ganina nan ne yawancin ɗalibai suke tuntuɓe. Sukan fara da tambayar wace jami'a ce ta fi suna, ko wane kwas ne ake yayi, alhali tambayar da ta kamata ta zo farko ita ce: wane aiki nake so a same ni ina yi nan da shekara biyar, kuma me masu ɗaukar ma'aikata a wannan fanni suke nema?

Amsar wannan tambaya ba ta da wahalar samu. Ka tattara tallace-tallacen guraben aikin da kake sha'awa, ka karanta sharuɗɗan da aka gindaya, sannan ka duba tarihin karatun mutanen da ke riƙe da irin wannan kujera a yanzu. Sau da yawa za ka tarar cewa abin da ake nema ba digiri na biyu ba ne, shaidar ƙwarewa ce ta ƙungiyoyin masu sana'a. Mai son aikin akanta wataƙila ACCA ta fi yi masa amfani, mai son harkar zuba jari kuma CFA ce ake tambayarsa, wadda take da matakai uku kuma ana iya yin ta mutum yana kan aikinsa. Idan ka gano haka tun da wuri, ka tsira da kuɗinka da shekarunka.

Bari mu zo ga digirin MBA, wato babban digiri na biyu a harkar gudanar da kasuwanci, wanda shi ne aka fi ruɗuwa a kansa. Makarantar Wharton a Amurka ta fara koyar da kasuwanci a matakin jami'a a 1881, kuma Jami'ar Harvard ce ta buɗe shirin MBA na farko a 1908. Hanyar koyarwar da Harvard ta yi suna a kanta ita ce nazarin matsalar kamfani ta gaskiya. Ana ba ɗalibi takardu masu bayanin wani kamfani da ya shiga tsaka mai wuya, misali cinikinsa yana ƙaruwa amma kuɗin hannunsa yana ƙarewa, ya karanta da dare, washegari malami ya nuna shi ba zato ya ce masa: kai ne shugaban kamfanin nan, me za ka yi? Ya faɗi ra'ayinsa, sai wata da ta yi shekara huɗu a banki ta ɗaga hannu ta nuna masa cewa babu bankin da zai ba da rance a kan wannan lissafi, wani da ya taɓa riƙe masana'anta ya ƙara da cewa rage ma'aikata ba ya yiwuwa cikin mako guda. Ku lura da kyau, rabin ilimin da ke cikin wannan aji daga bakin ɗalibai yake fitowa. Wanda ya shiga bai taɓa shugabantar ko mutum biyu ba, bai taɓa kare kasafin kuɗi a gaban wani ba, zai zauna ne yana sauraro, ba shi da abin bayarwa, kuma abin da yake ji ba shi da inda zai rataya shi. Wannan ne ya sa manyan makarantu suke son mai nema ya yi wasu shekaru yana aiki, kuma shi ne tushen sukar da Farfesa Henry Mintzberg na Jami'ar McGill a Kanada ya yi a 2004, inda ya nuna cewa aji kaɗai ba ya mayar da wanda bai taɓa gudanar da komai ba manaja. Ina tare da shi a kan wannan.

To, wanda ya gama digirin farko yanzu fa, kuma yana son fannin? Shi ma yana da ƙofa. Akwai digiri na biyu a gudanarwa wanda aka tsara domin sababbin kammalawa, ya fi yawa a jami'o'in Turai, akwai kuma digirori na fanni guda kamar harkar kuɗi, da tallata haja, da kula da ma'aikata, da sarrafa jigilar kaya, da nazarin bayanan kasuwanci. Irin waɗannan suna zurfafa ka a abu ɗaya da za ka iya nunawa ranar ganawar neman aiki, shi kuwa MBA faɗaɗa ka yake yi, don haka ya fi dacewa da injiniya ko likita ko lauya da ya ƙware a sana'arsa, yanzu kuma ake son ya riƙe sashe ko ma'aikata sukutum.

Sai maganar tsada, wadda ɗalibai suke lissafa rabinta su bar rabi. Kuɗin makaranta da na masauki kowa yana ganinsu, amma albashin da za ka bari tsawon lokacin karatu shi ma asara ce da dole ta shiga lissafi. MBA na Amurka yawanci shekara biyu ne, tare da aikin gwaji a kamfani tsakanin shekarun, abin da ke taimakon mai son sauya sana'a gaba ɗaya. Makarantar INSEAD da aka kafa a Faransa a 1957 kuwa tana kammala nata cikin kusan wata goma, kuma mafi yawan digiri na biyu a Ingila shekara ɗaya ne. Wanda yake son ci gaba a inda yake aiki, babu dalilin da zai ajiye aikinsa, tunda akwai karatun ƙarshen mako da na intanet.

Kafin ka biya ko sisi, ka tabbatar hukumar da ke kula da jami'o'i a ƙasar da makarantar take ta amince da ita, kuma ƙasar da za ka yi aiki za ta karɓi takardar. A fannin kasuwanci akwai hukumomin tantancewa uku da duniya ta sani: AACSB da ta faro a Amurka a 1916, da AMBA ta Ingila, da EQUIS ta Turai. Bayan haka ka nemi rahoton da makarantar take fitarwa game da aikin da ɗalibanta suka samu, kuma kada ka tsaya a babban adadin da aka rubuta a shafin farko. Ka gangara ƙasa ka ga ɗalibai nawa ne suka amsa tambayoyin binciken, da nawa ne kamfanoninsu na da suka ɗauki nauyinsu suka koma, da yadda ɗaliban ƙasashen waje suka ƙare, domin su ne takunkumin izinin aiki yake shafa. Makarantar da ta ƙi nuna maka wannan rahoto, ka yi hattara da ita.

Game da neman gurbi, jarrabawar GMAT ta shiga makarantun kasuwanci, wadda aka fara a 1954, a tsarinta na yanzu sassa uku ce, kowane sashe minti 45, makinta kuma daga 205 zuwa 805. Makarantu da yawa suna karɓar wata jarrabawar shiga mai suna GRE a madadinta. Sakamakon waɗannan biyu yana aiki har shekara biyar, na gwajin Turanci kamar IELTS da TOEFL kuwa shekara biyu kacal, saboda haka kada ka yi gaggawar rubuta na Turanci. Amma maki ƙofa kawai yake buɗewa. Abin da ke bambanta masu nema shi ne takardar bayanin manufa, kuma mafi yawansu iri ɗaya ne, kowa yana cewa tun yana yaro yake sha'awar shugabanci. Mai tantancewa ya gaji da karanta wannan. Abin da yake so ya gani shi ne wata matsala takamaimai da ka warware, da gibin da ka gano a iliminka lokacin da kake warware ta, da darasin da ke cikin wannan kwas wanda zai cike gibin. Haka ma wasiƙar shaida: wadda shugabanka na kai tsaye ya rubuta, wanda ya ga aikinka da idonsa, ta fi ta babban mutumin da bai san ko sunanka ba sai da aka tuna masa. Tun ran gini tun ran zane, ka fara shiri shekara guda kafin rufe karɓar takardu, domin tallafin karatu ya fi samuwa ga waɗanda suka nema a zagayen farko. Ka kuma karanta sharuɗɗan tallafin sosai. Chevening na gwamnatin Birtaniya, alal misali, yana buƙatar shekara biyu ta aiki kafin nema, da alƙawarin komawa gida na aƙalla shekara biyu bayan kammalawa.

Saura masu son koyarwa a jami'a ko aikin bincike. Ku hanyarku daban ce, kuma MBA ba shi ne matakinku ba. Ku nemi digiri na biyu mai kundin bincike da darussan hanyoyin bincike da ƙididdiga, domin shi ne ke share fagen digiri na uku. A wannan mataki malamin da zai duba aikinka ya fi sunan jami'ar muhimmanci, don haka ka karanta maƙalun da ya wallafa a shekarun baya-bayan nan, ka tambayi ɗalibansa na da ko yana karanta babi ya mayar a kan lokaci, da shekara nawa suka ɗauka kafin su gama a hannunsa, sannan ka rubuta masa gajeriyar wasiƙa da ke nuna inda tambayar bincikenka ta haɗu da tasa.

A nan zan dakata domin a samu lokacin tambayoyi. Wassalamu alaikum.